Idan makirufo ya ƙi aiki a cikin wasa: gyaran saiti, sauya na'ura, ko komawa wata manhajar magana?

Wanda ya saba da wasannin kwamfuta da ake bugawa da jama'a ta intanet ya san matsayin murya a cikinsu. A wasa irin Counter-Strike 2 ko Valorant, inda mutum biyar ke karawa da mutum biyar, kalma guda da aka faɗa a kan kari game da inda abokin gaba ya laɓe takan raba cin zagaye da faɗuwarsa, kuma ɗan wasan da abokansa ba sa jin muryarsa yakan zame musu nauyi ko da ya fi kowa iya harbi. Idan makirufo ya ƙi aiki, hanyoyi uku ne a gaban mutum: ya gyara saitin kwamfutarsa da na wasan, ya sauya na'urar da yake magana da ita, ko kuma ya bar hanyar magana ta cikin wasan ya koma wata manhaja ta daban irin Discord. Kowace daga cikinsu tana da matsalar da take warwarewa da wadda ba ta taɓawa ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa kan fara da saye, alhali ita ce hanya ɗaya tilo da ke cin kuɗi, kuma sau da yawa sabon hedifon yakan zo ya tarar da matsalar tana nan daram, domin tun farko ba a jikin tsohon take ba.

Gwajin da ya kamata ya riga kowace shawara

Muryar ɗan wasa tana bin zango-zango kafin ta kai kunnen abokinsa. Tana shiga makirufo, ta bi kebul ko iska zuwa inda ake mayar da ita lambobi, sannan Windows ya miƙa ta ga wasan, wasan ya matse ta ya aika da ita ta intanet zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, sabar kuma ta raba wa sauran 'yan wasa. Tsaiko a kowane zango yana fitowa da kama ɗaya a wurin mai sauraro, wato shiru ko murya marar daɗin ji, shi ya sa idan abokai suka ce ba sa jin mutum, maganarsu ba ta nuna inda laifin yake.

Abin da ke raba gardama shi ne a rufe wasan gaba ɗaya, a buɗe manhajar naɗar murya da ke zuwa tare da Windows, a yi magana na ɗan lokaci da irin muryar da aka saba wasa da ita, sannan a saurari abin da aka naɗa. Idan muryar ta fito sarai, to makirufo da kebul da direbansu, wato manhajar da ke sa Windows ya gane na'urar, duk lafiya suke, kuma sayen sabuwar na'ura ɓarnar kuɗi ce kawai. Sai a nemi laifin a cikin wasan, ko a asusun ɗan wasan, ko a intanet. Idan ta fito amma da ƙugi, ko can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, to ana tsakanin matsalar saitin ƙarfin sauti da ta na'ura. Idan kuwa ba a ji komai ba, kada a yi saurin yanke wa hedifon hukunci, a fara jona shi a wayar hannu ko a wata kwamfuta. Wanda ya yi aiki a can bai lalace ba.

Hanya ta farko: saiti

Wannan hanyar ba ta cin ko sisi, kuma a ganina ita ce ta cancanci a fara da ita a kowane hali. Wurin farko da za a duba shi ne izinin amfani da makirufo a sashen sirri na Windows. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, wannan izinin ya shafi har manhajojin tebur na gargajiya, wasanni kuwa suna cikinsu, kuma Windows 11 ya gaji tsarin. Akwai maɓallin da ke buɗe makirufo ga kwamfutar baki ɗaya, akwai na manhajoji, akwai kuma wani a can ƙasan shafin da ya keɓanta da manhajojin tebur, wanda shi ne ido ya fi tsallakewa. Idan ɗaya daga cikinsu yana kashe, wasan yana iya nuna sunan makirufon a jerinsa amma abin da ke isa gare shi shiru ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi rikita mutane, shi ne batun na'urar da Windows ya ɗauka a matsayin ta farko. Windows yana riƙe da matsayi biyu daban: na'urar farko ta kowane sauti, da na'urar farko ta sadarwa. Wani wasan yana neman ta farkon, wani yana neman ta biyun, kuma ba dole ba ne su kasance na'ura ɗaya. Kwamfutar ɗan wasa kuwa ta fi yadda yake zato yawan makirufo: kyamarar tebur tana da nata, laftof yana da nasa a jikin allo, abin sarrafa wasa na PlayStation 5 idan an jona shi da kebul yakan bayyana a matsayin na'urar sauti, sannan manhajoji irin Steam da NVIDIA Broadcast da VoiceMeeter suna ƙirƙirar makirufo na ƙage waɗanda ba su da jiki. Duk lokacin da aka jona sabon abu, Windows yana iya mayar da shi na farko ba tare da an tambaye ka ba. Maganin shi ne a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta mmsys.cpl, a shiga shafin na'urorin naɗa, a yi magana a ga wanne ne koren ma'auninsa ke motsi, a ba shi matsayin biyu duka, sannan a kashe waɗanda ba a amfani da su. Bayan haka a shiga wasan a zaɓi makirufon da sunansa maimakon a bar shi a kan zaɓin farko. Yana da kyau kuma a san cewa wasu wasannin suna karanta jerin na'urori ne sau ɗaya kawai lokacin da suke buɗewa, don haka wanda ya jona hedifon bayan ya shiga wasa sai ya rufe ya sake buɗewa.

A cikin wasan kansa akwai zaɓi tsakanin danna maɓalli kafin magana da barin makirufo ya buɗe da kansa idan ya ji murya. Na biyun ya fi sauƙi ga hannu, amma ya dogara da wani mizani: duk sautin da bai kai mizanin ba ana ɗaukarsa hayaniya a toshe shi. Idan mizanin ya yi sama, farkon kalmomi da ƙarshensu suna yankewa, har mai sanyin murya ya zama kamar bai yi magana ba. Idan ya yi ƙasa, abokai za su ji fanka da bugun kibod da numfashi. Danna maɓalli ba shi da wannan fargabar, illarsa ita ce yana cin yatsa ɗaya a lokacin da ake buƙatar yatsu duka, kuma idan maɓallin ya yi karo da wani aiki a wasan ko ya goge bayan sabuntawa, mutum yakan yi ta magana shi kaɗai. Ga mai wasa a ɗaki mai hayaniya, ko tare da baƙin da bai sani ba, danna maɓalli ya fi, musamman idan aka ɗora shi a maɓallin gefen linzami inda babban yatsa ke kaiwa ba tare da hannu ya bar wurinsa ba.

Saura abubuwa biyu ƙanana a cikin bayanan na'urar a wannan shafin na mmsys.cpl. Akwai akwatin da ke ba manhaja ɗaya damar mallake makirufo ita kaɗai; a cire alamarsa, domin idan wata manhajar naɗa sauti ta riga ta kama shi, wasan ba zai samu ba. Akwai kuma yawan samfurin sauti a daƙiƙa, inda aka fi ganin 44,100 da 48,000. Zaɓin 48,000 ya fi dacewa da manhajojin magana na zamani. Game da ƙarfin sauti kuwa, a bambance ma'aunin ƙarfi na asali da ƙarin da ake yi masa na desibel 10 ko 20 ko 30. Ƙarin yana ɗaga murya da ƙugin lantarki tare, don haka a fara kai ma'aunin asali sama, a matso da makirufo kusa da gefen baki, kafin a taɓa ƙarin.

Akwai shirun da babu saitin sauti da zai warkar da shi, wato wanda ya fito daga asusu. Wasanni da yawa suna rufe bakin ɗan wasa na wani lokaci idan an kai ƙararsa kan zagi, kuma tun watan Disamban 2022 kamfanin Epic Games ya ƙirƙiro asusun yara na musamman a Fortnite wanda magana ke kashe a cikinsa har sai mahaifi ko mai kula da yaron ya ba da izini. Wanda makirufonsa ke aiki a ko'ina sai a wasa ɗaya, ya leƙa can.

Hanya ta biyu: na'ura, kuma wace iri

Idan gwaji ya nuna cewa laifin yana jikin na'ura ko hanyar haɗa ta, to a nan ne kwatanci ya fi amfani, domin nau'in haɗin ya fi sunan kamfani tasiri a kan ko za a ji mutum ko ba za a ji shi ba.

Hedifon mai siririn fulogi na milimita 3.5 shi ne mafi sauƙin samu, ba ya buƙatar caji, ba shi da jinkiri, kuma yana shiga waya da kwamfuta da abin sarrafa wasa. Rauninsa yana wurin fulogin. A ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen: zobe biyu na nufin sashe uku, wato kunnen hagu da na dama da layin ƙasa, babu makirufo, zobe uku na nufin sashe huɗu, na huɗun shi ne makirufo. Yawancin laftof na yanzu suna da rami ɗaya da ke karɓar mai sashe huɗu, amma kwamfutar tebur takan zo da rami biyu, kore na kunne da ruwan hoda na makirufo. Idan aka soka fulogi mai sashe huɗu a koren rami, sauti zai fito daidai, makirufo kuwa ba zai taɓa aiki ba, kuma wannan ne ke sa mutum ya rantse cewa hedifonsa ya lalace rabi. Abin da ake buƙata ɗan kebul ne mai raba fulogi ɗaya zuwa biyu. A nan ma akwai tarko, domin kebul ɗin da ke ba mutum biyu damar sauraron abu ɗaya yana kama da shi ƙwarai amma ba ya ɗaukar makirufo. A nemi wanda ke da hoton makirufo a reshe ɗaya da hoton hedifon a ɗayan. Haka kuma masu sashe huɗun kansu iri biyu ne, CTIA da OMTP, waɗanda suka yi musayar wurin makirufo da layin ƙasa. CTIA ne ya yi rinjaye a yau, OMTP kuwa ana samunsa a kayan tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson, kuma haɗa ɗaya a ramin ɗayan yana ba da sauti marar jiki da makirufo matacce. A kwamfutocin da ke da katin sauti na Realtek, wani lokaci ɗan akwati yakan fito yana tambayar abin da aka jona. Wanda ya zaɓi abin saurare kawai maimakon mai makirufo, ya kashe makirufonsa da hannunsa.

Ko da an haɗa komai daidai, wannan nau'in yana dogara da katin sautin kwamfutar, kuma ingancinsa ya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ramin gaban akwatin kwamfutar tebur ya fi na baya ɗaukar ƙugi, saboda siririyar wayarsa tana ratsa cikin akwatin ta kusa da katin hoto da sauran sassan lantarki. Alamar wannan ita ce ƙugin da ke ƙaruwa idan wasa ya yi nauyi, ya ragu idan an fita daga wasan. A fara gwada ramin baya. Idan bai yi ba, ɗan ƙaramin katin sauti na USB, mai rami ɗaya ko biyu a jikinsa, yakan kawar da ƙugin ba tare da an jefar da hedifon ba, kuma ina ganin wannan shi ne sayen da aka fi mantawa da shi alhali ya fi sauran araha nesa ba kusa ba.

Hedifon na USB yana ɗauke da katin sautinsa a jikinsa, don haka duk maganar zobba da launin rami da ƙugin akwati ba ta shafe shi ba. Yana bayyana a Windows da sunansa, abin da ke sauƙaƙa zaɓensa a cikin wasa. Abin lura game da shi kaɗan ne: sauya masa rami yakan sa Windows ya ɗauke shi sabuwar na'ura ya mayar da saitinsa na farko, manhajar kamfanin da ke zuwa tare da wasu tana iya ƙara nata tace-tacen a kan na wasan, kuma ba zai shiga ramin abin sarrafa wasa ba. Ga wanda burinsa a ji shi ba tare da ciwon kai ba, wannan ne zaɓin da zan fara nunawa.

Bluetooth kuwa ya cancanci dogon bayani, domin mutane da yawa suna da hedifon mai tsada wanda ke fitar da kiɗa tangaran, sai su yi mamakin yadda sautinsa ke lalacewa da zarar an buɗe magana a wasa. Hedifon bai lalace ba. Haka tsarin yake. Bluetooth na gargajiya yana da hanya ɗaya ta sauraro mai inganci, A2DP, wadda ke kai sauti kunne biyu amma ba ta dawo da murya, da wata hanya ta kiran waya, HFP, wadda ke kai da kawowa amma a kan layi ɗaya, da samfurin sauti 8,000 ko 16,000 kacal a daƙiƙa. Da zarar wasa ya buɗe makirufo, hedifon yana sauka daga ta farko zuwa ta biyu, sai sautin wasan duka ya koma kamar na kiran waya, bambancin hagu da dama ya ɓace, wanda a wasan harbi shi ne ke gaya wa mutum ta inda takun abokin gaba ke zuwa. A Windows 10 hedifon ɗaya yana bayyana a matsayin na'ura biyu, kuma idan wasan yana aika sautinsa ga ta sauraro yayin da ta kira ke buɗe, sai a daina jin wasan kwata-kwata. Windows 11 ya haɗe su wuri ɗaya yana sauyawa da kansa, amma faɗuwar ingancin tana nan. Sabon tsarin LE Audio, wanda aka sanar a shekarar 2020, an gina shi don rage irin wannan, sai dai yana buƙatar kwamfutar da hedifon su goyi bayansa dukansu biyu. Wanda ya riga ya mallaki hedifon na Bluetooth kuma yana son sa, mafita ita ce ya yi sauraro kawai da shi, ya kashe makirufonsa a Windows, ya yi magana da wani makirufo na daban, ko da na jikin laftof ne, yana sane da cewa jinkirin sautin Bluetooth zai ci gaba da kasancewa.

Wanda ba ya son kebul amma yana son magana, hedifon marar waya mai ɗan makarɓi na USB shi ne amsarsa. Yana amfani da zangon gigahaz 2.4 da tsarin kamfaninsa, yana ɗaukar sauti kunne biyu da makirufo a lokaci guda, jinkirinsa kuma kaɗan ne. Yana da batir da zai iya ƙarewa a tsakiyar wasa, kuma ramukan USB 3.0 suna fitar da hayaniyar rediyo a kusa da wannan zangon. Idan murya na yankewa, a mayar da makarɓin ramin USB 2.0 ko a nisanta shi daga akwatin da ɗan kebul.

Sai makirufo mai zaman kansa da ake ajiyewa a tebur. Ingancin muryarsa ya fi na hedifon, amma yana zuwa da nasa sharaɗin. Nau'in kondensa, irin Blue Yeti, yana da saurin ji ƙwarai, kuma idan aka ajiye shi bayan kibod aka ɗaga ƙarfinsa don ya kamo murya daga nesa, zai kamo kibod ɗin fiye da muryar. Shi Yeti ma ta gefensa ake magana, ba ta samansa ba, kuma yana da maɓallin zaɓen ɓangaren da zai saurara wanda ya kamata a tsayar a kan na gaba kawai. Nau'in dainamik, irin Samson Q2U, ba shi da wannan saurin jin, don haka dole a kawo shi dab da baki, kuma wannan kusancin ne ke danne hayaniyar ɗaki. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar ɗakin tana nan yadda take. Shi ya sa ɗan makirufon hedifon da ke gefen baki yakan fi babban makirufo da ke can ƙarshen tebur fitar da magana sarai. Makirufon ɗakin naɗa waƙa mai fulogin XLR, wanda nau'in kondensa nasa ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin sauti na musamman, ya wuce buƙatar wanda ke son gaya wa abokansa inda abokin gaba yake. Mai watsa wasansa kai tsaye ne zai mori kuɗinsa.

Hanya ta uku: barin maganar cikin wasa

Idan makirufo yana aiki a ko'ina sai a cikin wasan, kuma an bi saitin duka ba a dace ba, komawa wata manhaja hanya ce mai ma'ana. Dalilin da ya sa take aiki shi ne, a wasanni da yawa, murya ba ta bin sabar da wasan ke bi. Valorant da Rainbow Six Siege, alal misali, suna amfani da tsarin murya na Vivox, kamfanin da Unity ya saya a 2019, don haka wasa yana iya tafiya lami lafiya yayin da haɗin murya ya faɗi shi kaɗai.

Discord, wadda ta fito a 2015, ta fi maganar cikin wasa kayan aiki. Tana da gwajin makirufo da mutum ke jin kansa, da ma'aunin da ke nuna mizanin buɗewa a fili, da damar ɗaga ko rage muryar kowane aboki shi kaɗai, da maɓallin mayar da saitin murya duka yadda ya zo. Tun 2020 tana ɗauke da matatar hayaniya ta Krisp, wadda ke cire ƙarar fanka da kibod sosai. Tana kuma aiki a wayar hannu, wanda ke nufin wanda kwamfutarsa ta ƙi ko ta halin ƙaƙa yana iya yin wasa a kwamfuta ya yi magana ta waya. Mumble, wadda ta fito a 2005 kuma lambobinta a buɗe suke ga kowa, da TeamSpeak da ta girme ta, sun fi Discord sauƙi a kan kwamfuta mai rauni kuma suna ba ƙungiya damar riƙe sabar tata, sai dai dole wani ya ɗauki nauyin kafa ta. Ta fuskar ingancin murya bambancin bai taka kara ya karya ba, domin dukansu ukun suna amfani da Opus, tsarin matse sauti da hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta IETF ta tabbatar a 2012.

Iyakar wannan hanyar a bayyane take. Baƙin da wasa ya haɗa ka da su ba sa cikin zaurenka na Discord, don haka mai shiga wasa shi kaɗai bai warware komai ba. Akwai kuma wasannin da murya ke cikin ginin su: a Phasmophobia na 2020 da Lethal Company na 2023 muryar aboki tana raguwa idan ya yi nisa, kuma yin magana ta waje yana rushe abin da ya sa wasan ya zama wasa. Sannan manhajar waje tana da nata tuntuɓen. Idan an buɗe wasan da ikon shugaban kwamfuta, wato ta zaɓin Run as administrator, amma Discord ba ta da shi, Windows yana hana ta ganin danna maɓalli yayin da wasan ke gaba, sai maɓallin magana ya mutu a cikin wasa ya farfaɗo idan an fita daga cikinsa. Maganinsa a buɗe su da iko iri ɗaya. Idan kuma an bar maganar wasan da ta Discord duka a buɗe, abokai za su ji murya sau biyu. Haka tara matatar hayaniya a kan matata, ta hedifon da ta Windows da ta NVIDIA da ta Krisp, yana sa murya ta fito a shaƙe tana cinye haruffa. A zaɓi ɗaya a kashe sauran.

Abin da hanyoyin uku ba sa kaiwa gare shi

Muryar da ke fitowa sarai a naɗi amma abokai ke jin ta tana tsinkewa ko tana ƙarfe-ƙarfe kamar ta mutum-mutumi, matsalarta intanet ce. Magana ba ta cin data mai yawa, zauren Discord yana farawa ne a kan kilobit 64 a daƙiƙa, don haka saurin layi ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ke ɓata ta shi ne ɓacewar ƙunshin bayanai a hanya ko isowarsu a makare, domin ana aika murya ta tsarin UDP wanda ba ya sake aika abin da ya ɓace. Jona kwamfuta da rauta ta kebul maimakon Wi-Fi, da dakatar da duk abin da ke lodawa sama a lokacin wasa, sun fi sabon makirufo amfani a nan. Idan murya ta ƙi haɗuwa gaba ɗaya, a duba katangar tsaro ta kwamfutar da manhajar VPN, a kuma gwada kashe zaɓin fifita ƙunshin murya a saitin Discord, wanda wasu rautoci ba sa jituwa da shi.

Amsa-kuwwa ita ma tana da nata hali: wanda ke jin muryarsa tana dawo masa, galibi ba daga wurinsa matsalar take ba. Wani a cikin ƙungiyar yana sauraro da lasifika, ko ya ƙure ƙarar hedifonsa har tana zuba cikin makirufonsa, shi kuwa ba ya jin komai da zai sa ya yi zargin kansa. Ana gano shi ne idan kowa ya rufe makirufonsa ɗaya bayan ɗaya har amsa-kuwwar ta tsaya, daga nan sai ya sa hedifon, ko ya rage ƙara, ko ya koma danna maɓalli kafin magana.